Na-Sani Ya Duba Tsohuwar Jita

Idan za a lissafa mutanen da duniya ta yi wa butulci, to a fara da Na-Sani, malamin koyar da tuƙi. Shekara goma sha ɗaya yana kaɗa jita a ƙungiyar kiɗan jaz ta unguwarsu, su huɗu, dattawa masu tumbi da furfura, kowace Laraba da la'asar a garejin Mai Ƙaho. Bai taɓa fashi ba. Shi ke zuwa da gogaggiyar riga, shi ke zuwa da ƙamshin turare, shi ke nuna wa kowa inda ya yi kuskure, kyauta. Sunan ma ba shi ya raɗa wa kansa ba. Mutane ne suka lura cewa duk maganar da aka ɗauko, kafin a kai rabi ya ce, "Na sani." Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don ai ba ƙarya suka yi ba.

Ana zaune ƙalau sai ga wani likitan haƙori ya tare a unguwar. Mutum ne shiru-shiru, ba ya ko ɗaga murya. Wata Laraba ya leƙo gareji da jitarsa, ya roƙi a bar shi ya ɗan taɓa. Aka bar shi. Abin takaicin, ya iya.

Bayan wata biyu otal ɗin bakin babban titi ya aiko cewa yana son su riƙa wasa duk Asabar da la'asar. Sai dai dandamalin otal ɗin mutum huɗu yake ɗauka, ko da an matsu. Ƙaho ɗaya, ganga ɗaya, babbar jita mai gurnani ɗaya. Saura kujera ɗaya, masu jita biyu.

Mai Ƙaho, tsohon ma'aikacin gidan waya ne kuma shugaban ƙungiya, ya goge bakin ƙahonsa ya ce, "Ba na son rigima. Asabar ta makon gobe kowannenku ya yi waƙa uku a gaban jama'a. Wanda aka fi tafa wa, kujera tasa ce."

"Jarrabawa?" in ji Na-Sani. "Ni za a yi wa jarrabawa? Ni da nake yi wa mutane jarrabawa tun kana liƙa kan sarki a ambulan?"

"To ai ka saba da ita, ba za ta ba ka wuya ba."

Mai Ganga ya buga ganga sau ɗaya, dum, kamar an yanke hukunci. Likita ya sunkuyar da kai yana murmushi. Murmushin nan ya fi komai ci wa Na-Sani rai.

A hanyar gida ya yi nazari, ya gano inda matsalar take. Ba yatsunsa ba ne, wannan ma ba abin tattaunawa ba ne. Jitar ce. Tasa katako ce guda, shafal, ba ciki ba rami, kamar allon yanka albasa. Jaz na gaskiya kuwa tsohuwar jita yake so, mai faɗin ƙugu, mai rami a ciki, wadda in an taɓa ta sauti ke fitowa da ɗumi. Kuma ya taɓa ganin takarda a ƙofar shagon kayan kiɗa: wani tsoho a hawa na uku, bayan tashar bas, yana sayar da irinta.

Uwargida tana ninke kayan wanki ya shigo da labari.

"Wata jitar kuma? Wadda kake da ita me ta yi?"

"Ba ta da ciki."

"Ai kai kana da shi, ya ishe ku ku biyu."

"Ke ba ki san harkar ba. Tsohuwar jita ba kowa ke iya saye ba. Sai mai ido, sai mai kunne. Mutane nawa aka sayar wa fankon katako da sunan kayan tarihi? Ni kuwa in na ƙwanƙwasa ta sau biyu, sai in gaya miki shekarar da aka sare bishiyar."

"Haka ka ce ranar da ka sayo firjin nan."

"Firjin me ya yi?"

"Ba abin da ya yi. Shi ne matsalar."

Na-Sani bai kula ta ba. Ya taɓa ji cewa masana na leƙa cikin jita da ɗan madubi, don su karanta takardar da maƙera ke liƙawa a ciki. Madubin da zai shiga wannan ƴar tsaga kuwa mutum ɗaya ke da shi a unguwar. Washegari ya je asibitin haƙori, ƙirji a gaba.

"Likita, aron ɗan madubin nan naka nake so. Mai dogon hannu."

"Haƙori ke ciwo, Malam? Zauna in duba."

"Haƙorana talatin da biyu lafiyarsu lau, sun gaishe ka. Wani bincike zan yi."

Likita ya buɗe durowa ya miƙa masa ɗaya. "Ka riƙe shi da kyau, kan yana kwancewa idan aka..."

"Na sani."

Hawa na uku ba lif, sai matakala. Na-Sani ya isa yana haki, ya tsaya ya daidaita numfashi da kwalar riga kafin ya ƙwanƙwasa. Tsohon da ya buɗe ƙofa ɗan siriri ne, fari fat da furfura, sanye da silifas. Ɗakin tsaf: gado, kujera ɗaya, tukunyar fure a taga, da baƙin akwati dogo a kan tebur.

Tsoho ya buɗe akwatin. Na-Sani ya ga abin da yake nema, amma bai bari fuska ta nuna ba, don mai saye ba ya yabo. Jita ce mai launin zuma, gefenta ya yi duhu kamar an gasa. Cikinta ya ɗan taso. Tsaga biyu masu lanƙwasa a fuskarta, ɗaya dama ɗaya hagu. A inda hannu ke gogawa fenti ya koɗe har katako ya fito.

"Me ya sa za ka sayar, Baba?"

"Abokan kiɗana duk sun riga ni. Wasu ƙasa, wasu gidan ƴaƴansu. Jita ba ta son zaman akwati, ni kuma ba ni da wanda zan kaɗa da shi."

"Allah Sarki. To bari mu ga abin da ya rage mata."

Ya naɗe hannun riga. Ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Hmm." Ya ƙwanƙwasa gaba, ya ce "Hmm" mai tsawo. Ya sa hanci a tsagar ya shaƙa, ƙura ta shige shi, ya yi atishawa uku a jere.

"Sannu," in ji Tsoho.

"Ba komai. Haka ake gane tsufan katako."

Sai ya ɗaga ta a kafaɗa kamar mai saita bindiga, ya rufe ido ɗaya, wai yana duba ko wuyanta ya karkace. Ya juya neman haske, kan jitar ya doki fitilar da ke rataye, fitila ta shiga lilo.

"Wuyan ya ɗan karkace," ya ce.

"Kai ne ka karkace, ɗana. Ƙafarka ɗaya tana kan silifas ɗina."

Na-Sani ya sauke ƙafa, wuya ya miƙe.  Ya zaro madubin likita daga aljihu, a hankali, don Tsoho ya san da wa yake magana. Ya zura shi ta tsagar hagu. Duhu. Ya murɗa dama. Duhu. Ya murɗa hagu, ya ƙara murɗawa, sai ya ji ƙwal. Ya zaro hannun madubi, babu madubi.



"Me ka gani?" in ji Tsoho.

"Da sauran bincike. Irin wannan ba a gama shi a zama ɗaya."

Tsoho ya dube shi, ya dubi jitar, ya ɗan girgiza ta. Wani abu ya yi ƙaras a ciki ya yi shiru. Bai yi fushi ba. Da Na-Sani ya ba shi labarin Asabar da otal, sai ya ce, "To ɗauke ta. Ka kaɗa ta ranar Asabar. In ta karɓe ka, sai mu yi ciniki. In ba ta karɓe ka ba, ka dawo min da ita. Amma ka ji nan. In za ka canja tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, kada ka..."

"Na sani, Baba."

"Sannan abin da ke cikinta, ni na sa da hannuna, saboda in ka haɗa ta da amfilifaya..."

"Na sani, na sani. Shekarata goma sha ɗaya a harkar nan."

"Ni hamsin da biyu," in ji Tsoho, ya rufe akwati.

A gida Na-Sani ya share teburin cin abinci ya shimfiɗa tawul. Aiki na farko, a fito da madubin mutane. Ya kife jitar ya girgiza. Ba abin da ya faɗo. Ya ɗaga ta sama da kansa yana girgizawa yana leƙe, ƙura ta zubo masa a ido. Ya ga tsirkiyoyin ne ke tare masa hanya, ya kwance su duka shida lokaci ɗaya, cikin sauri irin na gwani.

Ta shidan na saki, ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, ya zame ya faɗo ƙasa, ya gangara ƙarƙashin kabad.

"Innalillahi!" Ihun da ya yi ya fito da uwargida daga kicin da ludayi a hannu, ya kuma jawo Kafinta, maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa, da fensir a bayan kunne.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"An cuce ni, Kafinta! Dubi! Ko gam babu. Tsohon nan ya sayar min da jita a ɓalle!"

"Ka biya ne?"

"Ban biya ba."

"To ai kai ka ɓalla masa."

Uwargida ta durƙusa ta zaro jakin da tsintsiya. Kafinta ya karɓa ya jujjuya. "Wannan ƙasansa sumul yake, bai taɓa ganin gam ba. Da alama tsirkiyoyin ne ke danne shi. Ga ma shaidar inda yake zama, wurin ya fi haske."

"Kai da ƙofa da taga ka sani. Wannan kayan kiɗa ne."

"Katako ne dai."

"Katako da katako akwai bambanci. Ni ma da kai duk mutane ne."

"Shi ya sa nawa ba ya faɗuwa ƙarƙashin kabad."

Kafin nan matar Kafinta ta leƙo, mai shagon ƙasa ya hau da kwalbar lemo a hannu, wata maƙwabciya ta tsaya a bakin ƙofa da jaka ba ta ko ajiye ba. Na-Sani ya ga jama'a ta taru, ƙarfinsa ya dawo. Ya warware wayar rataye riga, ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ya zura. Ya ji ta kama wani abu mai laushi. Ya ja.

Soso ne ya fito, irin na katifa, rawaya, tsoho.

Ya sake zurawa. Wani soson. Ya sake, wani. Sai da ya tara guda bakwai a kan tawul, sannan madubin likita ya faɗo tsakaninsu, ƙal.

Na-Sani ya miƙe tsaye. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Wannan shi ake kira ha'inci. An cusa mata katifa don kada a ji ainihin muryarta. Da wani ne ya saya, da haka zai mutu bai sani ba. Amma Allah ya haɗa tsohon nan da ni."

"Ba ka ce ya gaya maka shi ya sa ba?" in ji uwargida.

"Ya ga zan gano ne, ya riga ni faɗa. Dabara ce ta tsofaffin ƴan kasuwa."

"To me ya ce amfaninsa?"

"Ban tsaya jin ƙarya ba."

Uwargida ta tattara soson. "Ni dai na samu na wanke-wanke."

Na-Sani ya ɗaura sabbin tsirkiyoyi. Wajen mayar da jaki, Kafinta ya nuna masa wurin nan mai haske da fensir. Na-Sani ya ture fensirin. Ya ja baya, ya karkata kai, ya ga jakin zai fi kyau in ya ɗan matsa ƙasa, kamar yatsa biyu, ya ɗan kuma karkace don ya yi kwalliya. Ya ɗaure. Ya kaɗa.

Gaskiya sauti ya fito, babba, ya cika falo. Mai shago ya ce, "Kai!"

"Kun ji? Na buɗe mata maƙogwaro."

Ya gangara da yatsu ƙasan wuya, sautin ya fara tsami, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Matar Kafinta ta yamutsa fuska.

"Malam, can ƙasan kamar ba daidai ba."

"Jaz ke nan, Hajiya. Ba kowane kunne ke ɗauka ba."

Amfilifayar ƙungiya, akwatin nan mai ƙara wa jita sauti, a garejin Mai Ƙaho take zama. Na-Sani kuwa ya ƙi zuwa gwajin Laraba, karo na farko a shekara goma sha ɗaya, don kada likita ya ga makaminsa. Ya aika masa madubinsa a ambulan, kai daban, hannu daban. Ya kuma buga wa Tsoho waya ya gayyace shi otal, teburin gaba. Niyyarsa, in an gama tafi, ya sauko ya dafa kafaɗar Tsoho, ya ce masa a hankali, "Na ga soson, Baba, amma na yafe." Daga nan ciniki zai yi sauƙi.

Asabar ta zo. Zauren otal ya cika: iyalai, tsofaffi, masu shan shayi, masu ɗaukar hoto da waya. Uwargida ta zo, Kafinta da matarsa suka zo, mai shago ma ya rufe shago ya zo. Na-Sani ya shigo cikin farar kwat, takalmi na ƙyalli, da jar safa mai ɗigon fari wadda ya tanada don babbar rana. Tsoho na teburin gaba, hannu a kan sanda.

Likita ya fara. Waƙa uku, tsaf, ba hayaniya. Aka tafa masa sosai. Na-Sani ma ya tafa da yatsu biyu, don karamci.

Da aka kira shi, bai zauna ba sai da ya karɓi makirufo daga hannun Mai Ƙaho.

"Jama'a, abin da za ku ji yanzu, shekara hamsin yana toshe. Wannan jitar an danne mata murya. Ni na gano, ni na ƴanta ta. Duk wanda ke da raunin zuciya ya riƙe kujera."

"Zauna mu fara," in ji Mai Ƙaho ta gefen baki.

Na-Sani ya zauna, daf da amfilifaya. Ya soka mata wayar jita. Likita ya bar ƙarar a uku. Na-Sani ya murɗa ta zuwa takwas, don na baya ma su amfana. Mai Ganga ya ƙirga, ɗaya, biyu...

Bai kai uku ba. Na-Sani bai ma taɓa tsirkiya ba. Jitar ce ta fara da kanta, wani gurnani daga can cikinta, wuuuu, kamar saniya ta hango wuƙa. Ya ji katakon yana rawa a kan tumbinsa. Gurnanin ya hau, ya hau, ya koma ƙara mai tsinin allura.

Ma'aikacin otal ya saki tire, kofuna suka tarwatse. Wani jariri ya fashe da kuka, wani ya taya shi. Wani dattijo ya fizge na'urar ji daga kunnensa ya jefa a aljihu yana salati.

"Kashe ta!" in ji Mai Ƙaho.

"Tana gaisuwa ne!" Na-Sani ya yi ihu. Ya danne tsirkiyoyi da tafin hannu, ƙara ta yi shiru. Ya yi wa jama'a murmushi. Ya ɗaga hannu don ya kaɗa, ta dawo, fiye da da.

Ya ce bari ya rufe ta da kiɗa. Ya shiga waƙa da ƙarfi, ya gangara ƙasan wuya inda jakin da ya yi wa kwalliya ke jiransa. Duk abin da ya danna, wani abu daban ke fitowa. Mai Ƙaho ya bi shi ya rasa. Mai babbar jita ya bi shi ya rasa. Mai Ganga ya ajiye sanduna ya toshe kunnuwa da gwiwar hannu.

"Matsa daga jikin amfilifaya!" in ji likita daga ƙasa.

"Na sani!"

Ya miƙe ya juya don ya rage ƙara, ya fuskanci amfilifaya da jitar, tsaga biyu a buɗe daf da bakin lasifika. Abin da ya fito a nan ba shi da suna. Gilashin taga ya yi kyarma. Masu dafa abinci suka fito daga kicin da hulunansu, ɗaya riƙe da tukunyar kashe gobara. Manajan otal ya tsallake tebur biyu a guje, ya fizge filogi daga bango.

Shiru. Sai kukan jarirai, da cokali ɗaya da ke ta juyi a ƙasa har ya kwanta.

Na-Sani ya gyara kwat ya rusuna. Ba wanda ya tafa, sai Kafinta, sau ɗaya.

"Wutar otal ɗin nan ba ta da kyau," ya ce wa manaja. "Ya kamata ku kira mai gyara."

Tsoho ya miƙe. Ya hau dandamali a hankali, sanda na gaba yana biye. Ya karɓi jitar kamar mai karɓar jikansa daga hannun baƙo. Ya leƙa tsagar.

"Ina soson?"

"Baba, maganar soson nan, na yafe."

"Ina soson?"

"Yana kicin ɗina, Baba," in ji uwargida daga teburinta. "Yana fitar da tukunya tas."

Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba.

"Ɗana," in ji Tsoho, da murya da kowa ya ji, don makirufon na kusa, "jita mai rami in ta ji muryarta a lasifika, amsawa take yi. Lasifika ta amsa mata, ita ma ta amsa, har su haukace. Shi ya sa ake toshe ta. Abin da na so gaya maka ke nan ka ce ka sani."

"Ai na sani. Gwaji nake."

"To ka gwada. Cire safarka."

"Me?"

"Safa. Duka biyu."

"Baba, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka ƙwaƙule ta."

"Cire!" in ji Mai Ganga. "Cire!" in ji mai shago. Zaure ya ɗauka. Na-Sani ya dubi uwargida neman agaji, ya tarar tana ɗaukar hoto da waya. Ya zauna a bakin dandamali, cikin farar kwat, ya kwance takalmi, ya zare jar safa mai ɗigon fari, ya miƙa da yatsu biyu yana kallon silin.

Tsoho ya cusa ɗaya a tsagar dama, ɗaya a ta hagu, ya tura da ɗan yatsa. Bai isa ba, ya karɓi hankicin aljihun kwat ɗin ma. Ya sassauta tsirkiyoyi, ya tura jaki da babban yatsa har ya zauna a kan wurin nan mai haske.

"Na faɗa!" in ji Kafinta. "Wallahi na faɗa!"

Tsoho ya ɗaure, ya saurara, ya ɗan ƙara. Ya ja kujera gefe, nesa da amfilifaya, ya mayar da ƙara uku, ya yi wa manaja alama. Manaja ya mayar da filogi yana ja da baya.

"Bari in ji ko ba ka kashe ta ba."

Ya taɓa. Sauti ya fito zagaye, mai ɗumi, ba gaggawa. Ya ƙara ƴan kaɗan, don gwaji kawai. Mai Ganga bai san lokacin da ya ɗauki sanduna ba. Mai babbar jita ya shigo ta ƙasa. Mai Ƙaho ya tsaya baki buɗe, sannan ya tuna da abin da ke hannunsa. Gwajin ya zama waƙa, waƙa ta zama huɗu. Jarirai suka yi shiru. Dattijon nan ya lalubo na'urarsa ya mayar a kunne. Masu dafa abinci suka ƙi komawa kicin.

Da aka gama, tafin ya daɗe har Tsoho ya rasa inda zai sa idonsa.

Mai Ƙaho ya dubi likita. Likita ya riga ya rufe akwatin jitarsa. "Ni dai na janye," ya ce. "In zai yarda ya koya min, ya ishe ni."

Mai Ƙaho ya dubi Na-Sani.

"Ni ban janye ba," in ji Na-Sani. "Waƙata uku ban yi ba. A ƙa'ida..."

"Ka yi ɗaya," in ji manaja. "Kofi goma sha huɗu ta ci. In ka sake hawa dandamalin nan, ku nemi wani otal."

"Baba," in ji Mai Ƙaho, "Asabar da la'asar kana da wani aiki?"

"Hawa uku ne kawai tsakanina da titi."

"Zan zo in ɗauke ka."

Haka kujerar shekara goma sha ɗaya ta tafi, a gaban matarsa da maƙwabtansa. Na-Sani ya sa takalmi a kan ƙafa tsirara, fatar takalmin na cizon dunduniyarsa, ya matsa kusa da Tsoho.

"To, Baba, maganar cinikinmu..."

"Na fasa. Ta samu abokan hira."

"To safata."

Tsoho ya leƙa tsagar, ya ɗan kaɗa tsirkiya ɗaya ya saurara. "Ka bar su. Sun fi soson ma. Auduga ce?"

Na-Sani ya ɗago kai. "Siliki ce da auduga. Ba a samun irinta a ko'ina."

Asabar ta gaba ya riga kowa zuwa. Ya kama teburin gaba, ya sa aka kawo masa shayi, ya harɗe ƙafa. Da Tsoho ya shiga waƙa ta biyu, wata mata a teburin gefe ta lumshe ido ta ce wa mijinta ba ta taɓa jin jita mai taushin murya haka ba.

Na-Sani ya jawo kujerarsa kusa da su.

"Hajiya, kina da kunne. Tsohon nan ni na gano shi, a hawa na uku, ba wanda ya san da shi. Yana ƙoƙari, ba laifi. Amma taushin nan da kike ji, rabi yatsunsa ne, rabi safata."

"Safarka?"

"Duka biyu," in ji shi, ya kurɓi shayi. "Kuma ko sisi ban karɓa ba."